Makin wuya, makin tsafta: rajistar horon 'yan matanmu

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Abin da muka sa a gaba shi ne, kafin a rufe makaranta a watan Yuli, kowace yarinya a ajin alkafura, wato jimnastik, ta mallaki wasan dandali nata na kanta, da kiɗansa da rawarsa da tsallensa, a kuma yi masa alƙalanci irin na gaske, ba a tafa kawai a watse ba. Kayan aikinmu a nan Kaduna ba su taka kara sun karya ba: zauren taron makaranta, katifun judo na aro, igiyar awo, da 'yar lasifika mai caji. Dandalin gasa mita 12 ne ta kowane ɓangare, da sifirin a ƙarƙashinsa mai cilla ɗan wasa sama, ya kuma sassauta masa dira. Namu siminti ne aka rufa wa katifa. Wannan bambancin shi zai yanke mana abin da za a koya bana da abin da za a jinkirta.

Na sauke sabon kundin maki na hukumar wasan ta duniya, FIG, wanda zai yi aiki daga 2025 zuwa 2028. Bayan kowace gasar Olamfik suke sabunta shi. Tun 2006 maki biyu ake haɗawa. Makin wuya, wato na wahalar motsi, daga sifili yake tashi: kowane motsi da harafinsa da farashinsa, A 0.1, B 0.2, haka har zuwa J mai 1.0. A wasan mata ana ƙirga motsi takwas mafi tsada, a ƙara 2.0 idan an cika sharuɗɗa huɗu, a ƙara ladan haɗa motsi da motsi ba tare da tsayawa ba. Ba shi da iyaka ta sama. Makin tsafta kuwa daga 10 yake gangarowa: ƙaramin kuskure 0.1, matsakaici 0.3, babba 0.5, faɗuwa 1.0 cur. Armashin wasa, wato tsayuwar jiki da tafiya da kiɗa da yadda yarinya ta cika fili, a cikin wannan na biyun aka cusa shi.

Ke nan wuya ana biyan ta, kyau kuwa ba a biyan sa, sai dai a ci tarar rashinsa. Duk koci mai lissafi ya san inda wannan tsari yake tura shi, kuma jikin yara ne yake ɗaukar nauyin lissafin.

Talata, 21 ga Janairu

Hunturu ya kankama. Ɗumama jiki yana cin kusan rabin lokacinmu, kuma ba na barin kowa ta buɗe ƙafa ko ta yi gada sai na ga gumi. Faso ya dami ƙananan. Na aika wa iyaye cewa a riƙa shafa musu man kaɗanya da dare, amma ban da ranar horo, kada tafin ƙafa ya zame a kan katifa.

Aikin makon nan tsayuwa kan hannu ne a jikin bango: ciki a ɗame, kunnuwa tsakanin damatsa, gwiwa a miƙe, yatsun ƙafa a tsuke suna nuna rufi. Sai kuma dira daga kan benci, a tsaya cak a ƙirga uku. Sun fara ƙorafin cewa kullum abu ɗaya ne. Haka zai ci gaba har ƙarshen wata.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Da dare nake koyon alƙalanci. Nakan kunna bidiyon tsohuwar gasa, in rufe makin da takarda, in rubuta nawa, sannan in buɗe. Wanda na fi daɗewa a kansa shi ne wasan ƙarshe na dandalin mata a Paris, ranar 5 ga Agusta, 2024.

Simone Biles ta Amurka ta samu makin wuya 6.9. Rebeca Andrade ta Brazil ta samu 5.9. Tazarar maki guda ke nan tun kafin a duba tsafta, wato Biles tana iya faɗuwa sau ɗaya su yi kunnen doki. Ba ta faɗi ba, amma ƙarfin tsallenta ya fitar da ita daga layi sau biyu da ƙafa biyu, aka cire mata 0.3 kowane karo. Makin tsaftarta 7.833, jimla 14.133. Andrade ta samu 8.266 a tsafta, ba ta taɓa layi ba, jimla 14.166. Zinare ya tafi Brazil da tazarar 0.033.

Na ji mutane da yawa suna cewa ranar kyau ya kayar da wuya. Alƙaluman ba su nuna haka ba. Duk tsaftar Andrade da armashinta 0.433 kawai suka ba ta a kan Biles, bai kai rabin tazarar wuya ba. Da a ɗaya daga cikin fitar nan biyu ƙafa ɗaya ce ta tsallake layi, 0.1 za a cire, kuma da Biles ce ta lashe. Farin layin nan na gefe shi ya raba gardama. Wannan bai rage wa Andrade komai ba a wurina. Mace ce da jijiyar gwiwarta ta tsinke sau uku, a 2015 da 2017 da 2019, ta san iyakar abin da ƙafarta za ta ɗauka, ta zaɓi wuyar da za ta iya riƙewa daga farko har ƙarshe. Sanin wannan iyaka gwaninta ce, kuma rabinta na kocinta ne.

Abin da na nuna wa yara a waya ba alkafurarta ba ne. Na nuna musu yadda take isa kusurwa. Masu wasa da yawa idan sun gama layin tsalle sai su ja ƙafa zuwa kusurwa, su tsaya suna haki, suna jiran numfashi ya dawo, hannu yana ɗan lilo don a ce ana rawa. Ita da rawa take isa wurin, ido a sama, kafaɗa tana bin kiɗa, ba za ka san hutawa take yi ba. Wata 'yar shekara tara ta ce, “Anti, ita ba ta gajiya ne?” Na ce tana gajiya sosai, ɓoye gajiyar ma aiki ne da ake koya.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Akwai yarinya ɗaya, shekararta goma sha ɗaya, da ta zo mana da alkafurar baya a hannu. A kan tulin yashin masu gini ta koya tare da yayyenta maza, kamar yadda yaran unguwa da yawa suke koya. Tana da tsalle, ba ta da tsoro ko kaɗan. Na hana ta yi a zauren nan, yau mahaifinta ya zo.

Bayan mun gaisa ya ce, “Malama, yarinyar nan ta fi yayyenta juyawa. Me ya sa kika tsayar da ita tana ta kallon bango? Icce ai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.”

Na ce, “Gaskiya ne, Alhaji. Amma ɗanyen ma idan aka matsa masa, tsagewa yake yi. Bari in nuna maka abu.”

Na buɗe masa kundin. Alkafurar baya a dunƙule harafinta A, 0.1. Juyi biyu a kan ƙafa ɗaya, wanda ba a barin ƙasa ma, harafinsa B, 0.2. Ita kuma tata alkafurar, kai take fara jefawa baya maimakon ta tashi sama tukuna, gwiwoyi a ware, ta dira ƙirji a ƙasa ta ƙara taku babba. Alƙali mai sauƙin hali ma zai cire mata ninkin abin da motsin ya kawo. Idan hannu ya taɓa ƙasa, an yi asarar farashin irinta goma. Yashi yana yafe irin wannan dira, siminti ba ya yafewa. Ban ɓoye masa ɗaya gefen ba: a matakin manya, uku daga cikin sharuɗɗa huɗun dandali na alkafura ne a iska, ɗaya tak ne na rawa, don haka dole wata rana ta koya. Za ta koya, amma bi da bi: wuntsilawar gefe mai haɗe ƙafa, sai tsallen baya kan hannu da hannuna a bayanta, sannan alkafura, kuma sai mun sami soso mai kauri. Ya yi shiru, ya ce Allah ya taimaka, ya yi alkawarin zai hana ta hawa yashin. Ban sa rai yaran unguwa za su ba shi haɗin kai ba, amma niyyarsa ta isa a fara.

Ban ba shi labarin Elena Mukhina ba, don ba tsorata shi nake son yi ba, sai dai ita ce a raina muna magana. 'Yar Tarayyar Sobiyet ce, zakarar duniya a 1978. Ta karye a ƙafa a 1979, aka mayar da ita horo ƙafar ba ta gama warkewa ba, aka kuma sa ta koyon wata alkafura da ake dirar ta da mirginawa ta kai, wadda aka ɗauko daga wasan maza, domin a ƙara wa wasanta wuya. A farkon Yulin 1980, saura mako biyu a buɗe Olamfik ta Mosko, ta dira da haɓa a sansanin horo a Minsk, wuyanta ya karye. Shekararta 20. Ba ta sake tafiya ba har ta rasu a 2006. Daga baya an cire wannan motsi daga kundin mata. Ta gaya wa masu horar da ita cewa motsin zai karya ta, ba a saurare ta ba. Mai zaɓar wuya daban, mai dira daban.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya shiga, manyan cikinsu suna yi. Na dakatar da duk abin da ke sa gumi, muka koma kiɗa da taku, da sanyin safiya, a taƙaice.

Doka ta ce wasan dandali kada ya wuce sakan 90, kuma kiɗan kada ya ƙunshi waƙa mai kalmomi. Murya zalla ba laifi. Na je wurin wani dattijo mai kiɗan kalangu a gidajen biki, na roƙe shi ya kaɗa mana guntaye na minti ɗaya da rabi, wani da sauri, wani a hankali, wani ya fara a sanyaye ya ƙare da zafi, muka ɗauka a waya. Da na yi masa bayanin dokar ya ce, “'Yata, kalangu ma ai magana yake yi.” Na ce, “Baba, to ka sa ya yi musu kirari.” Ya kuwa yi. Ɗansa ya ƙara mana sarewa a kan guda biyu.

Na karanta sashen armashi na kundin da kyau. Babu inda aka ce sai rawar Turawa. Abin da ake nema shi ne tsayuwar jiki, aikin ƙafa, motsi mai faɗi da ya haɗa da kai da kafaɗa da gangar jiki ba hannu kawai ba, sauyin sauri da sanyi, motsi ya dace da kiɗa, a kuma ƙare tare da shi. Yawancin waɗannan 0.1 ne kowanne, amma idan suka taru sai su cinye farashin alkafura mai tsada. A nan yaranmu suna da jari. Yarinyar da ta tashi tana gaɗa a dandali ba a koya mata inda kiɗa ya faɗi. Duk wanda ya taɓa kallon 'yan Koroso na Kano ya san cewa haɗa rawa da lanƙwasa jiki da ƙarfi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Inda aikin yake shi ne ƙafa. Rawarmu gwiwa a sassauce ake yin ta, tafin ƙafa shimfiɗe a ƙasa, nauyi yana komawa ƙasa. Kundin kuwa yana son a tashi kan yatsu, gwiwa ta miƙe, tsallen buɗe ƙafa ya kai digiri 180. Ba na son in kashe na farkon don in samu na biyun. Abin da muke gwadawa shi ne kafaɗa da hannu da taku su zama namu, irin wanda ya dace da shekarunsu, juyi da tsalle kuma su bi doka sak.

Sanne Wevers ta Holan ita ce hujjata idan wata ta raina juyi. A Rio a 2016 ta ci zinare a kan siririn katakon nan mai faɗin santimita 10, da maki 15.466, Biles tana ta uku, kuma kaso mai tsoka na wuyarta daga juyi a ƙafa ɗaya ta tara shi. Juyi ba ya bukatar sifirin, safa da daɓe mai santsi sun isa.

Litinin, 28 ga Afrilu

Mun dawo bayan Sallah da hutu. Taron iyaye mata ya tafi ne a kan abu biyu.

Na farko sutura, kuma suna da gaskiya su tambaya. Na nuna musu hoton 'yan wasan Jamus. A gasar Turai ta Basel a Afrilun 2021 Sarah Voss ta fito da riga mai haɗe da wando har idon sawu, abokan wasanta suka bi ta, suka kuma sa irinta a Tokyo. Doka ta daɗe da yarda da haka, ba a dai saba ba ne. Abin da alƙali yake bukata shi ne ya ga ko gwiwa ta miƙe. Mun ba tela yadi mai talewa: dogon hannu, dogon wando, 'yar riga a sama zuwa cinya, da hula mai kama kai wadda ba ta da fil ko allura.

Na biyu abinci. Wata uwa ta ja ni gefe ta ce, “Malama, tawa ta fi sauran jiki, ko in rage mata tuwon dare?” Na ce, “Hajiya, don Allah ki bar ta ta ci ta ƙoshi. Tsalle da ƙarfi ake yin sa.” Ba za a shigo da sikeli zauren nan ba. Rahoton Whyte da ya fito a Birtaniya a 2022 ya tattara labaran yaran da aka riƙa aunawa ana hana su abinci da ruwa ana yi musu gorin ƙiba, kuma daga baya hukumar wasan ta ƙasar ta hana kociyoyi auna yara. Sannan na kafa dokar da ba ta da togiya: ƙofa a buɗe, uwa ɗaya aƙalla tana zaune a kowane horo, babu babba da zai keɓe da yarinya, har ni. Likitan tawagar Amurka, Larry Nassar, wanda aka yanke wa hukunci a 2018, ya yi shekara da shekaru yana cutar da yara a wuraren da kowa ya amince da shi.

Asabar, 10 ga Mayu

Gwajin alƙalanci na farko. Ni da malamin lissafi muka riƙe makin wuya, da sassauƙan jadawalin da na tsara daga kundin. Malamai uku suka riƙe makin tsafta, kowa ya zauna nesa da ɗan'uwansa.

A wuya ba mu saɓa ba sai a wuri ɗaya, ko juyin wata ya cika biyu ko ya gaza, muka koma bidiyo. A taku bayan dira da lanƙwasar gwiwa ma alƙalan uku sun yi kusa da juna. Da aka zo armashi sai aka rabu. Yarinya ɗaya, wata malama ba ta cire mata komai ba, wani malami ya cire kusan maki guda. Na tambayi kowa dalili. Ita ta ce yarinyar tana da fara'a, ta burge ta. Shi ya ce tun daga farko har ƙarshe ba ta tashi kan yatsu ba, kuma ta riga kiɗa ƙarewa. Shi yana kallon abin da aka yi, ita tana kallon mai yin. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin daga fara'a sai a zarce zuwa hasken fata da sirantaka da kyan fuska, alƙali bai ma san ya zarce ba. Na mayar da sashen armashi tambayoyi masu amsar e ko a'a. Ta yi amfani da kusurwa huɗu? Akwai inda ta sauka ƙasa ta yi motsi? Saurinta ya sauya? Ta tsaya jira a kusurwa? Ta ƙare tare da kiɗa? Muka sake kallon bidiyon da wannan takarda, tazarar ta ragu ƙwarai.

A manyan gasa ana maganin wannan da yawan alƙalai, a jefar da maki mafi sama da mafi ƙasa a ɗauki matsakaicin na tsakiya. Koci yana iya ƙorafi a kan makin wuya, ba ya iyawa a kan tsafta. Kamfanin Fujitsu ya ƙera na'ura mai kyamarori da ke auna kusurwar gaɓɓai, an fara amfani da ita a gasar duniya ta 2019, zuwa 2023 ta game dukkan kayan wasa goma. Tana iya faɗin ko ƙafa ta buɗe 180, ba ta iya faɗin ko rawa ta zauna a kan kiɗa.

Ana yawan cewa armashi son rai ne, wuya kuwa lissafi ne da ba ya ƙarya. To, manyan rigingimu biyu na wasan nan daga ɓangaren lissafin suka fito. A Athens a 2004, a tsohon tsarin da maki ba ya wuce 10, alƙalai sun fara wa Yang Tae-young na Koriya ta Kudu daga 9.9 maimakon 10 a sanduna biyu, Paul Hamm na Amurka ya tafi da zinaren jimlar dukkan kayan wasa, Yang ya samu tagulla, aka dakatar da alƙalai uku, sakamako bai sauya ba. A Paris kuma, a wancan wasan ƙarshe na dandali, Jordan Chiles ta samu 13.666, kocinta ta yi ƙorafi a kan wani tsalle mai juyi, aka ƙara 0.1 ta koma 13.766, ta haye Ana Barbosu ta Romaniya mai 13.700. Kwanaki kaɗan bayan haka kotun wasanni ta ce ƙorafin ya makara da sakan huɗu a kan minti ɗayan da doka ta ba da, aka mayar wa Barbosu tagulla, Chiles ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun Suwizalan. Babu armashi ko ɗaya a cikin wannan duka. 'Yan mata ne suka yi aikinsu, manya suka rikita takarda.

Alhamis, 22 ga Mayu

Wani dattijon koci da ya daɗe yana horar da maza ya leƙo mu. Ya gyara wa yara biyu ajiye hannu a wuntsilawar gefe cikin 'yan mintuna, abin da idon shekaru kaɗai ke gani. Bayan an tashi muka yi doguwar muhawara.

Shi yana son a koma tsohon 10. Ya tuna Nadia Comaneci a Montreal a 1976, tana 'yar shekara 14, allon maki ya nuna 1.00 saboda ba a ƙera shi ya nuna 10.00 ba. Ya ce a lokacin kowa a gida ya san ma'anar maki, yanzu 14.166 ba ta gaya wa kowa komai. Ya ce shekarar farko ta sabon tsari ma, 2006, Vanessa Ferrari ta Italiya ta faɗo daga katako amma ta zama zakarar duniya.

Na ce, “Malam, ban ƙi taka ba, amma ka tuna Nemov.” A Athens ɗin dai, Alexei Nemov na Rasha ya yi wasan sanda mai cike da sakin hannu da cafkewa, aka ba shi 9.725, 'yan kallo suka yi ta ihu har wasa ya tsaya, aka ɗaga makin zuwa 9.762, sai da shi da kansa ya fito ya roƙe su su yi shiru. Tsohon tsarin ba shi da wurin ajiye wanda ya wuce sa'o'insa. Ba zan so a koma can ba.

Inda muka fi zafi shi ne rage farashin motsi don tsaro. Tsallen Produnova, alkafura biyu ta gaba daga kan teburin da ake dafawa a yi tsalle, yana da 7.0 lokacin da Dipa Karmakar ta Indiya ta zo ta huɗu da shi a Rio, aka rage shi zuwa 6.4 bayan nan. Wannan na goyi baya, domin an ga masu jefa kansu suna dira kusan a zaune, farashin yana rufe musu asarar. Amma a 2019, da Biles ta kawo saukar katako mai alkafura biyu da murɗawa biyu, kwamitin mata na FIG ya ba ta H, 0.8, ƙasa da yadda aka zata, ya ce don kada wasu su kwaikwaya su ji ciwo. Wannan ban yarda da shi ba. An hukunta wadda ta iya saboda waɗanda ba su iya ba. Maganin yana ɗaya ɓangaren: a tsananta cirewa ga motsin da ba a mallaka ba, har koci ya ga babu riba a tura yarinya ta yi abin da ya fi ƙarfinta. Kaylia Nemour ta Aljeriya, wadda ta kawo wa Afirka lambar Olamfik ta farko a wasan nan, ta ci zinaren sanduna masu hawa biyu a Paris da 15.700: wuya 7.2, tsafta 8.5. Wuyar da aka mallaka da tsaftarta take zuwa.

Abu ɗaya muka yarda a kai. A wasan kintinkiri da ƙwallo da zobe, tun 2022 armashi yana da makinsa daban, da alƙalansa daban. Dandalin mata, da yake da kiɗa ake yin sa, ya cancanci irin wannan. FIG ba za ta ji mu ba, amma takardarmu ta Yuli tamu ce: layi uku za ta ɗauka, wuya da tsafta da armashi, kowace yarinya ta ga nata a fili.

Talata, 17 ga Yuni

Bayan Babbar Sallah. Kowa ta haddace wasanta daga farko zuwa ƙarshe. Ƙananan biyu har yanzu suna riga kiɗa ƙarewa, don haka zan koma wurin Baba mai kalangu ya rage musu 'yan sakan, ya kuma sa bugu mai ƙarfi a ƙarshe da za su riƙa jira. Mai alkafurar yashi tana tsallen baya kan hannu da yatsuna biyu kawai a bayanta, kuma kanta ya daina riga ƙafarta tafiya. A Yuli da taimako za ta yi shi, ba za a ƙirga mata shi a wuya ba, ta kuma sani. Juyinta biyu ya zauna, shi za a ƙirga.

Yara maza sun fara taruwa a taga suna tambayar yaushe nasu. Na ba su labarin Uche Eke, wanda ya ci wa Najeriya zinare a dokin hannu, kayan wasan mazan nan da ake dafawa da hannu ana wulwula ƙafafu a kansa, a wasannin Afirka na Rabat a 2019, ya kuma zama ɗan wasan alkafura na farko da ya wakilci ƙasar a Olamfik, a Tokyo. A Amurka ya tashi, a Jami'ar Michigan ya yi wasa, inda akwai ramin soso da ake faɗawa a koyi sabon motsi ba tare da an ji ciwo ba. Shi ne abin da muka fi bukata kafin a buɗe ajin maza. Kafinta ya zo ya auna kusurwar zauren, ya ce akwatin katako mai zurfin ƙugu zai shiga idan aka matsar da kabad. Ranar Asabar za mu je wurin masu yin kujerun kushin mu ji nawa suke sayar da buhun guntayen soso.